Zuwa ga Edita: Gargi da Sauran Matan da Ba a Ambata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili in tsoma baki a gardamar da ta ɓarke a shafin wasiƙu kan matan Indiya na zamanin da. Wani malami ne ya fara. Yana cikin yi mana nasiha kan karatun 'ya'ya mata, sai ya ce mu gode wa Allah da bai yi mu cikin mabiya addinin Hindu ba, don su tun fil'azal ba su taɓa barin mace ta buɗe littafi ba, abin da suka iya shi ne su ƙona ta in mijinta ya mutu. Sai wani ɗanmu da ya yi karatun haɗa magunguna a can ya mayar masa da martani da zafi-zafi. Ya jero sunaye, su Gargi, su Maitireyi, su Lopamudra, ya ce a zamanin Beda, wato zamanin tsofaffin littattafan addininsu masu wannan suna, tabarma ɗaya mace da namiji suke zama a gaban malami, wai sai da baƙi suka ci ƙasar da yaƙi sannan al'amari ya lalace.

Ni tsohuwar malamar tarihi ce, na ajiye alli, ina nan Daura ina fama da jikoki da ciwon gwiwa, kuma ba na bayan ko ɗaya daga cikinsu. Matan da aka jero an yi su, ko aƙalla littattafan Hindu sun yarda an yi su, don haka maganar malam ba ta tsaya ba. Amma sunan mace biyar ko goma bai isa ya zama shaidar halin da miliyoyin mata suka zauna a ciki ba. Hanyar da aka bi aka raba 'ya'yan Hindu mata da karatu kuwa, hanya ce da ya kamata mu nan mu sa mata ido, don a hankali aka bi ta, da daɗin baki, babu wanda ya zare takobi.

Littafinsu mafi tsufa shi ne Rigbeda, tarin waƙoƙin yabo da roƙo guda 1,028 da aka tsara a yankin Panjab wajen shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya yi ɗaruruwan shekaru ba a rubuce ba, a ka ake riƙe shi, malami ya biya, ɗalibi ya maimaita, ko harafi ba ya gocewa. Kowace waƙa da sunan wanda ake jingina ta gare shi, kuma a cikin sunayen akwai mata. Akwai Gosha, wadda labari ya ce cutar fata ta hana ta samun miji har ta fara tsufa a gidan ubanta, tana roƙon tagwayen abin bautarsu masu warkarwa su dube ta. Akwai Apala, yarinyar da ta tsinci tsiron soma, wanda suke matse ruwansa don ibada, a hanyarta ta zuwa rafi, ta tauna shi da haƙoranta ta miƙa wa Indra, babban abin bautarsu, ruwan, sannan ta roƙe shi abu uku: gashi ya tsiro a sanƙon babanta, gonarsa ta yi kyau, ita ma jikinta ya gyaru. Akwai Lopamudra, wadda gudun duniyar mijinta Agastiya ya ishe ta, ta fito fili ta ce masa shekaru suna tafiya, tsufa yana cinye kyawun jiki, ya kamata miji ya zo wurin matarsa. Wasu masana na ganin maza ne suka tsara waɗannan suka sa a bakin mata. Ni dai in na karanta roƙon Apala, wadda ta sa sanƙon babanta gaba da damuwar kanta, muryar 'ya mace nake ji.

Sai dai a ƙirga. Wani tsohon littafinsu da ke lissafa masu waƙoƙin ya kawo mata 27. In ka duba jerin za ka tarar ciki har da gumaka mata irin su Aditi da matar Indra, da koguna, da Dare, har da wata karya mai suna Sarama. In aka tsame waɗannan, 'yan Adam ɗin da suka rage da ƙyar za su cika yatsun hannu biyu, a littafin da waƙoƙinsa suka haura dubu.

Tsarin karatun shi ne, ɗan Barahmanawa, wato jinsin malamai, in ya kai shekara 8 sai a yi masa bikin ɗaura zare. Ɗan mayaƙa a shekara 11, ɗan manoma da 'yan kasuwa a 12. Daga nan ya koma gidan malaminsa, ya yi bara ya kawo, ya yo itace, ya kula da wutar ibada, ya yi hadda, galibi na shekara 12. Wanda ba a ɗaura wa zaren nan ba, ba shi da izinin karanta Beda. Ko ana ɗaura wa 'ya mace? Malamansu na baya da kansu sun amsa. Sun ruwaito daga wani mai suna Harita cewa mata kashi biyu ne: masu neman ilimi, waɗanda ake ɗaura wa zare su karanta Beda su yi bararsu a cikin gida, da waɗanda ake yi wa bikin sama-sama dab da aure. Wani baitin kuma ya ce a zamanin da ya shuɗe ana ɗaura wa 'yan mata, amma uba ko baffa ko wa ne zai koyar da yarinya, ba bare ba. Mai wannan baitin labarin abin da ya riga ya wuce yake bayarwa, ko a lokacinsa an daina.

Labarin Gargi ya cancanci a ba da shi gaba ɗaya, don masu ambaton sunanta sukan tsallake tsakiyarsa. Yana cikin ɗaya daga tsofaffin littattafan Upanishad, wato na falsafar addininsu, na wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Sarki Janaka na ƙasar Bideha, arewacin jihar Bihar ta yanzu, ya yi babban taron yanka, malamai suka hallara daga ƙasashen Kuru da Pancala. Ya sa aka killace shanu dubu, aka ɗaura zinari a ƙahonin kowace, ya ce wanda ya fi kowa sani ya kora. Kowa ya yi tsit. Sai wani babban malami mai suna Yajnabalkiya ya dubi ɗalibinsa ya ce, yaro, kora su gida. Wuri ya yamutse. Limamin fada ya ce masa, wato kai ne ka fi mu sani? Ya ce a'a, muna gaida wanda ya fi kowa sani, mu dai shanun muke so. Daga nan mutum takwas suka taso masa da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma mace ɗaya ce a cikinsu, Gargi 'yar Bacaknu.

Da harshen masaƙa ta yi tambayarta. Ta ce, tunda duk duniyar nan a kan ruwa aka saƙa ta, zaren tsaye da na kwance, shi ruwan a kan me aka saƙa shi? Ya ce a kan iska. Iskar fa? A kan sararin sama. Haka ta yi ta hawa da shi, rana, wata, taurari, duniyar gumaka, har suka kai ƙololuwa, duniyar Barahman, wanda suke ɗauka asalin komai. Ta ce ita kuma a kan me? Nan ya ce mata, Gargi, kada ki wuce gona da iri wajen tambaya, kada kanki ya faɗo ƙasa. Littafin ya ce sai Gargi ta yi shiru.

Amma ba ta tafi gida ba. Bayan wani ya yi tasa tambayar sai ta sake miƙewa, ta ce wa taron za ta yi masa tambaya biyu, in ya amsa to babu mai kayar da shi a cikinsu. Ta ce masa ta taso masa kamar jarumin Kashi ko na Bideha da ya ɗaura tsirkiya ya riƙe kibiya biyu masu kisa. Ta tambaye shi abin da ke sama da sama, da ƙasa da ƙasa, da abin da ya wuce da na yanzu da mai zuwa, a kan me aka saƙa su. Ya amsa, ta ƙara matsawa, ya kai ta ga abin da ya kira Marar Gushewa. Ita ce kuma ta yanke wa malaman hukunci, ta ce su ɗauka sun yi sa'a in suka rabu da shi da gaisuwa kawai. Wanda bai ji shawararta ba, wani Shakaliya, ya ci gaba da gardama, kuma a labarin kansa ne ya faɗo. Wannan labari ɗaya ya isa ya nuna mace na iya tsayuwa a fadar sarki ta titsiye babban malami, ya kuma nuna ita kaɗai ce a wurin, kuma da ta matsa barazana aka yi mata.

Daga bakin wata Ba'indiya na fara jin sunan Gargi. A shekarun 1970 makarantun sakandare na Arewa cike suke da malamai 'yan Indiya, mu ma a makarantarmu ta 'yan mata a Katsina muna da wata mai koya mana lissafi. 'Yar siririya ce, kullum cikin sari, da jan ɗigo a goshi, gashinta na ƙanshin man kwakwa, ba ta cin nama, abin da ya fi ba mu mamaki ke nan. Ni kuwa Allah ya yi ni da tambayar tsiya. Wata rana na dame ta a kan dalilin da ya sa ba a raba lamba da sifiri, ta ajiye alli ta ce, ke Gargi ce, ta ba mu labarin. Aji ya ɗauka, sunan ya bi ni har muka gama. Wata Asabar kuma muka je gidanta taya ta jera littattafai, na ga wani hoto a bango, tsohuwa da aski ƙwal, ta yafa farin ƙyalle, babu awarwaro babu 'yan kunne. Na ce, Madam, wannan ba ta da lafiya ne? Ta ce kakarta ce. An aurar da ita tana ƙarama, mijin ya mutu tana da goyon fari, daga ranar aka aske mata kai, sau ɗaya take cin abinci a yini, ba a son ganinta a wurin biki don kada ta jawo baƙin jini, kuma har ta mutu ba ta san harafi ba. Gidan Barahmanawa ne, maza suna haddace Beda a tsakar gida tana jin su daga madafa. Ta faɗi wannan tana goge gilashin hoton da gefen sarinta, sannan ta ce mu ci gaba da aiki.

Shi Yajnabalkiya mata biyu gare shi. Da ya yi niyyar barin duniya ya shiga daji, ya ce zai raba musu dukiya. Maitireyi ta ce, in an ba ni duniyar nan cike da dukiya, zan tsira daga mutuwa? Ya ce a'a, za ki dai yi rayuwar masu kuɗi. Ta ce to me zan yi da abin da ba zai hana ni gushewa ba, gaya mini abin da ka sani. Ya zaunar da ita ya karantar da ita. Kishiyarta Katiyayani kuwa, abin da littafin ya ce a kanta bai wuce layi guda ba, wai saninta irin na mata ne. Ni ita ce take tsaya mini a rai. Wani ne dai ya dafa abincin da aka ci ranar da ake wannan zance mai zurfi, kuma Katiyayani sun fi Maitireyi yawa nesa ba kusa ba.

A littafin nan dai akwai wani abin da ya kamata malam ya gani: wanda yake son a haifa masa 'ya mace masaniya mai tsawon rai, shi da matarsa su dafa shinkafa da riɗi su ci da man shanu. Wato akwai uban da yake roƙon samun 'ya malama. Bayan shekara fiye da dubu, babban malaminsu Shankara ya zo yin sharhin wurin, wajen ƙarni na 8 miladiyya, sai ya ce sanin da ake nufi na tafiyar da gida ne, tunda mace ba ta da hurumin Beda. Nassin yana nan yadda yake, mai sharhi ne ya rage masa tsawo.

Abin da ya faru tsakanin nassin da sharhin yana cikin Dokokin Manu, waɗanda aka tattara tsakanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa da 200 bayanta. Manu bai tsaya zagin karatun mace ba, dabara ya yi. Ya ce ɗaurin aure shi ne ɗaurin zaren mace, hidimar miji ita ce zamanta a gidan malami, aikin gida kuma shi ne kula da wutar ibadarta. Kowane mataki na karatun ɗa namiji an samo masa madadi a cikin ɗaki, aka bar mata sunan da alkawarin lada, aka ɗauke karatun. Sai kuma shekaru: ɗan 30 ya auri 'yar 12, ɗan 24 ya auri 'yar 8. Shekarar da wanta yake ɗaukar sanda ya nufi gidan malami, ita a shekarar ake neman mata miji. Ko ba a hana ta da baki ba, ina lokacin? Masana tarihi sun kawo dalilai. Ibadar yanka ta yi ta ƙara sarƙaƙiya har ta zama sana'ar gado ta wasu gidaje. Tsarin jinsi-jinsi ya yi tsauri, kowa na tsoron 'yarsa ta girma ta zaɓi wanda ba jinsinsu ba, jini ya gauraya, gado ya fita, sai aka ga gara a aurar da ita tun ba ta san zaɓi ba.

Manu ne ya ce uba ke tsare mace tana yarinya, miji a ƙuruciya, 'ya'ya a tsufa, ba ta cancanci cin gashin kanta ba. Shi ne kuma ya ce inda ake girmama mata gumaka na farin ciki, inda ba a girmama su duk ibada banza ce. Malam zai ɗauki na farko, ɗan namu ya ɗauki na biyu. Ni ban ga saɓani ba, don ya faɗi irin girmamawar da yake nufi: kayan ado, tufafi da abinci.

Batun cewa baƙi ne suka kawo lalacewar, wanda a bakin wasu 'yan siyasar Indiya Musulmi ake nufi, lissafin shekaru kaɗai ya rushe shi. Muhammadu ɗan Ƙasim ya shiga Sindh wajen 712, daular Delhi ta kafu a 1206. An gama rubuta Manu shekara ɗari biyar kafin na farkon. Ɗana, in ka koma can kada ka bari a sayar maka da wannan.

Adalci kuma shi ne a ce littafin doka burin malamai yake nunawa, ba lallai abin da ke faruwa a kowane gida ba. Prabhabati Gupta, 'yar Sarki Candragupta na biyu, da mijinta sarkin Bakataka ya mutu ya bar mata yara ƙanana, ita ta riƙe mulki wajen shekara ta 400 miladiyya, tana ba da kyautar ƙauyuka da sunanta a kan allunan tagulla da suke nan har yau. Manu da kansa ya yarda abin da aka ba mace ranar aure, da kyautar uwa da uba da ɗan'uwa, dukiyarta ce. A kudu, a ƙasar Tamil, mawaƙiya Abbaiyar har jakadanci ta yi tsakanin sarakuna.

Wurin da ya fi taɓa ni yana cikin littafin mulki da ake jingina wa Kautiliya. Akwai jami'in sarki mai kula da zare, wanda ke raba auduga ga gwauraye da naƙasassu da tsofaffin barorin fada, a biya su gwargwadon kyawun zaren. Matan da ba sa fita, waɗanda mazansu suka yi tafiya ko suka mutu, sai ya aika musu baiwa da aikin. In mace ta kawo da kanta, da asuba za a karɓa, fitilar ta duba zare ce kawai. In ya kalli fuskarta ko ya ja ta da wani zance a ci shi tara, in ya jinkirta biyanta ma tara. Da na karanta sai na ga kakata a kan tabarma, taskirar auduga a gefe, tana shafa alli a yatsu tana murza mazari, dillaliya na jiran arafiya ta kai kasuwa. Da kuɗin kaɗin nan ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki, ba ta taɓa taka kasuwar da ake sayar da zarenta ba.

Wasu matan da aka rufe wa ƙofar Beda sun nemi wata. Da Buda, wanda ya kafa addinin da ake kira da sunansa, ya bayyana, ƙanwar mahaifiyarsa da ta raine shi ta nace sai ya karɓi mata a cikin masu barin duniya. Ya ƙi har sau uku, daga baya ya yarda da sharuɗɗa takwas. Waƙoƙin waɗannan mata guda 73 sun iso mu, kuma babu ƙumbiya-ƙumbiya a cikinsu. Wata mai suna Mutta ta ce ta kuɓuta daga karkatattun abubuwa uku: turmi, taɓarya, da mijinta mai ƙusumbi.

Duk wannan zancen ma na manyan jinsi ne. Shudura, jinsin masu hidima, namijinsu ma ba shi da izinin jin Beda. Wata tsohuwar doka ta ce in ya saurara da gangan a zuba masa narkakken ƙarfe a kunne. To ina ga matarsa? A cikin Rigbeda ɗin da ake kirari da shi akwai waƙoƙin godiya ga sarakunan da suka yi wa malamai kyautar shanu da dawakai da kuyangi. Wata masaniyar tarihi ta can, Uma Cakrabarti, ta yi wa 'yan ƙasarta wannan tambaya a 1989: kuna ta ambaton Gargi, ina labarin baiwar zamanin Beda?

Ƙona mace da gawar miji gaskiya ne an yi, amma ba tun farko ba, ba kuma ko'ina ba. A waƙar jana'iza ta Rigbeda ce wa matar ake yi ta tashi daga gefen mamacin ta dawo duniyar masu rai. Wani rubutun dutse na shekara ta 510 a Eran, tsakiyar Indiya, yana cikin shaidu na farko masu kwanan wata. Al-Biruni, da ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030, ya ce wadda mijinta ya mutu ba ta sake aure, ko ta zauna haka ko ta shiga wuta. An haramta abin a 1829, bayan fafutukar Ram Mohan Roy. Yawancin matan ba a ƙona su ba, irin zaman kakar malamata suka yi.

Labarin cewa zamanin Beda aljannar mata ne, a lokacin mulkin Ingila ya yi ƙarfi. Turawa irin su James Mill, a 1817, sun yi ta gorin cewa al'ummar da ke wulaƙanta mata ba ta waye ba, sai 'yan bokon Indiya suka koma tsofaffin littattafai suka zaƙulo su Gargi don kare mutunci. Ban ce bai yi amfani ba. Da nassin nasu ne wani malaminsu, Bidiyasagar, ya kafa hujja har aka halatta wa gwauruwa sake aure a 1856. Ramabai, wadda mahaifinta ya sha tsangwama don ya koya wa matarsa Sanskirit, harshen littattafan addininsu, ta girgiza malaman Kalkata a 1878 har suka ba ta laƙabin Pandita, wato malama. Amma wadda ta buɗe makarantar 'yan mata a Pune a 1848 tare da mijinta, Sabitribai Phule, daga jinsin masu lambu ta fito, waɗanda ba su da rabo a Beda ko a wane zamani. Ana jifanta da kashin shanu a hanya, sai ta riƙa tafiya da sari biyu, in ta isa ta canza ta shiga aji. Duk da haka a ƙidayar 1951 matan Indiya da suka iya karatu ba su kai 9 cikin 100 ba. A 2011 sun kai wajen 65, a jihar Kerala kuma sun haura 90.

Malam Edita, mu ma muna da jerin sunayenmu. A garin nan duk baƙon da ya zo sai mun kai shi rijiyar Kusugu mun ba shi labarin Daurama da sarauniyoyin da suka gabace ta. A kowane taron ilimin mata sai an ambaci Nana Asma'u da jajinta da 'yan taru, a karanto inda Shehu Usmanu ya yi tir da malaman da ke karantar da ɗalibai su bar matansu da 'ya'yansu cikin duhu, a tuna cewa tun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina. Duk gaskiya ne. Kuma addininmu ba kamar Manu ba ne: ya wajabta wa mace neman sani, ya ba ta gado, ya ce in ta gama takaba ta yi aurenta. Shi ya sa uzurinmu ya fi nasu ƙaranci.

Ina cikin aiki na taɓa bin sawun wata ɗalibata da ta gama aji uku na ƙaramar sakandare ba ta dawo ba, yarinyar da ke gyara mini kwanan wata in na yi tuntuɓen harshe. Mahaifinta ya karɓe ni hannu bibbiyu, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura mai sanyi. Mutum ne mai karatu, ya fi ni sanin waƙoƙin Nana Asma'u, har ya rera mini baiti biyu. Da na kawo maganar da ta kawo ni sai ya yi murmushi ya ce, "Malama, ai aure ma makaranta ne. Biyayyar miji ita ce jarrabawarta, in ta ci ta gama." Bai taɓa jin sunan Manu ba. Yarinyar tana bayan ƙyaure, ƙafafunta kawai nake hangowa, da lalle a kansu.

Ba aure nake yaƙa ba, ni ma da aurena na yi kwas ɗin malanta, kuma na san matan aure da yawa da ke cika Islamiyyu da dare. Na kuma san abin da ke kan iyaye: talauci, nisan makaranta, tsoron hanya a wannan zamani na rashin tsaro, da kuɗin kayan ɗaki da sai yarinya ta yi talla ake haɗawa. Waɗannan su ne abin tattaunawa, su ne kuma ake rufewa da kirarin sarauniyoyi.

Roƙona shi ne ka tura wakilinka ya zaga Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa idan an koma hutu. Ya nemi rajistar aji ɗaya na ƙaramar sakandare ta shekara shida da suka wuce, ya ƙirga 'yan matan da ke ciki, sannan ya nemi sunayen waɗanda suka zauna jarrabawar fita a bana. Waɗanda suka ɓace a tsakani ya bi su gida. Ya tafi da abokiyar aiki mace, don shi a zaure za a tsayar da shi, ita kuwa za ta shiga ciki ta ji ta bakin iyaye mata da 'yan matan kansu.

Na gode. Wassalam.

Tsohuwar malamar tarihi,
Tudun Wada, Daura.